Ƙahon Gwaggo Borghild

Su uku suka fara, a rumfar ajiye kwale-kwale ta kakan Gaute Lervåg, can bakin ruwan Urvik inda duwatsu ke tare rana duk tsawon hunturu. Gaute ne mai jita, shi ke tsara waƙoƙi. Eilif Myklebost yana kan ganguna. Sjur Aarset kuma shi ne murya. Tun suna firamare suke tare, kuma tare suka gudu daga badujalar makaranta, don a cewar Sjur ba a haife shi don ya riƙa maci a bayan tuta yana busa begila ba.

Kiɗan da suka kama shi ne wanda samarin Bergen da Oslo suka haukace a kansa a shekarun nan, wanda ake kira baƙin ƙarfe. Ganga ta yi ta zuba kamar ƙanƙara a kan rufin kwano, jita ta yi ta ƙugi kamar an tsokano gidan rina, mai waƙa kuma ba rerawa yake yi ba, kururuwa yake kamar ana zare masa rai. Sukan shafe fuska da farin fenti, su zagaye idanu da baƙi, su shiga daji su ɗauki hoto suna muzurai. Suka raɗa wa kansu suna Fonnvind, wato iskar nan da kan riga dusar ƙanƙara isowa idan ta ɓallo daga kan dutse, wadda ke kwashe rufin gida tun ƙanƙarar tana hanya.

Kaset ɗinsu na farko da rikoda ɗaya suka ɗauke shi, sun rataye ta a katakon rufi. Sautin ba ya fita tas, kuma haka ake so. Daga hannu zuwa hannu kaset ɗin ya kai har Poland da Girka. Sjur ne mai gadin doka. Ya kan ce, “Sauri, sanyi, dauɗa. Duk kiɗan da uwarka za ta iya zama ta saurara ba namu ba ne.”

Gaute ya yarda da dokar, har zuwa lokacin da ya fara jin duk waƙar da ya tsara yau ƙanwar ta jiya ce. Akwai wani abu da yake ji a kansa idan yana kwance, wani nauyi a ƙarƙashin ƙugin, amma in ya ɗauki jita sai abin ya gudu. Bai gaya wa kowa ba.

Wata guguwar hunturu ce ta raba su da rumfar. Gari ya waye ba ta ba alamarta, sai ginshiƙai biyu a tsaye cikin ruwa. Sa'arsu kayan kiɗan na cikin motar Eilif. Suka yi ta neman wuri, ba mai son ba su, sai ɗakin ƙasa na zauren gari, inda badujalar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ke yin atisaye. Makullin ɗakin kuwa yana hannun Borghild, yayar mahaifin Eilif, wadda duk garin ke kira Gwaggo. Ita ke dafa wa ma'aikata abinci, mace ce mai jiki, ta doshi sittin, kuma ita ke busa tuba a badujala, ƙaton ƙahon tagullar nan da ake rungumarsa kamar ɗan maraƙi.

Ta miƙa wa Eilif makulli ta ce, “Asabar da rana taku ce har mu zo. In na tarar da kwalba ko guntun taba, kun koma daji. Kuma ku riƙa wanke fuskokin nan kafin ku fito titi, kada ku sa 'ya'yan mutane fitsarin kwance.”

Wata Asabar suka wuce lokacinsu. Gwaggo ta shigo ta tsaya, ta yi magana, ba wanda ya ji. Ta ɗaga hannu, ba wanda ya gani. Sai ta ja kujera ta zauna, ta fito da ƙahonta, ta cika huhu, ta sauke musu sauti mafi kauri da ƙahon ke da shi.

Gaute a haƙoransa ya fara jin abin, sannan a ƙirji. Gilashin taga ya kama rawa. Ƙugin jitarsa, wanda tun da ya san shi yake shawagi ba wurin sauka, sai ga shi ya zauna daram a kan sautin nan kamar rufi ya samu ginshiƙi. Ya ɗauke hannu daga jita. Eilif ma ya tsaya.

Gaute ya ce, “Gwaggo, sake busawa.”

“Korarku nake yi, ɗan nan, ba taya ku ba.”

“Na sani. Sake korarmu.”

Eilif ya fashe da dariya har sanda ta faɗi daga hannunsa. Sjur bai yi dariya ba. Ya dubi Gaute ya ce, “Na san wannan kallon naka. Kar ma ka fara. Tuba? A Fonnvind? Ƙahon da ake busa wa yara su yi maci suna lasar askirim?”

“Ba ka ji abin da na ji ba?”

“Na ji saniya ta ɓata a hazo.”

Gwaggo ta ce, “Saniyar tana jin ka, Sjur. Kuma ita ke zuba maka miya in ka zo cin bulus.”

Ba wanda ya zaci za ta yarda ta yi kiɗa da su, amma ta yarda. Daga baya ta gaya wa Gaute dalili. Shekara da shekaru tana zaune a layin baya tana “bum, bam” a ƙarƙashin masu begila, ba wanda ya taɓa juyowa ya ce ta sake. Ta jawo masu ƙaho biyu daga badujala suka taya ta, aka je birnin Ålesund aka ɗauki faifai na biyu. Sjur ya yi waƙarsa, amma fuska a ɗaure.

Sai aka gayyace su Bergen. Wurin ƙarami ne, cike da samari masu dogon gashi da baƙaƙen riguna, waɗanda suka haddace kaset ɗin farko. Da Gwaggo ta hau dandali da rigar sanyinta ta ulu, fuska ba fenti, ta zauna ta rungumi ƙaho, sai aka fara ihu. “Kun ɓata hanya, ba nan ne gidan biki ba!” Ana tsakiyar waƙa ta uku wani ya jefo kofin giya, ya faɗa daidai cikin bakin ƙahon. Gwaggo ta dakata, ta kifa ƙahon ta tsiyaye giyar, ta jawo makirufo ta ce, “Wanda ya jefo wannan yana da saiti. Ya zo Urvik, ƙungiyarmu ta ƙwallon hannu na neman mutum.” Wasu suka yi dariya, amma wasan ya riga ya mutu. Rabin mutanen suka juya musu baya har aka gama.

A jirgin fito na komawa gida suka zauna da kofi da wainar svele a gabansu, ba mai ci. Sjur ne ya fara magana.

“Shekara nawa muna gina sunan nan, ka rushe shi a yini ɗaya.”

Gaute ya ce, “Ba za mu yi ta buga waƙa ɗaya har mu tsufa ba.”

“To ku buga taku. Ni na sauka.”

Eilif ya ce, “A tsakiyar ruwa? Bari dai a kai gaɓa.” 

Sjur ma'aikaci ne a wannan jirgin fiton, shi ke nuna wa motoci inda za su tsaya. Daga ranar, in Gaute ya shigo da mota sai ya nuna masa layi da hannu kamar baƙo. Wata mujallar masu wannan kiɗa ta rubuta cewa Fonnvind sun koma makaɗan ɗaurin aure.

Abin da ya fi cin ran Gaute shi ne, da ya zauna ya saurari faifan da kunnen basira, ya ga masu ihun ba su yi ƙarya duka ba. Tsofaffin waƙoƙinsu ne aka manna wa ƙaho a sama, kamar sabon aljihu a tsohon wando. Ya je kicin ɗin ma'aikata ya tarar da Gwaggo tana fere dankali, ya gaya mata haka.

Ta ce, “Sai yanzu ka gani? Ba ku bar mini wuri ba. Ku gudu kuke yi, ni kuwa numfashi nake yi. Da huhu ake busa ƙaho, ba da lantarki ba. Riƙe wuƙar nan ka taya ni, tunda ka zo.”

Gaute fenti yake yi a ma'aikatar, Eilif kuma walda. A bazarar shekarar suna aikin wani babban jirgin dakon kifi, wanda cikinsa fanko ne, zurfinsa ya kai bene uku, ƙarfe ta ko'ina. Wata rana da aka tashi cin abinci, su biyu suka rage a ciki, sai guduma ta suɓuce wa Eilif daga kan tsani ta daki ƙasa. Ƙarar ba ta mutu ba. Ta tafi can ƙurya ta dawo, ta hau sama, ta sake saukowa, tana kauri tana laushi, har suka gaji da jira ta ƙare. Suka dubi juna.

Eilif ya ce, “A'a. Gwaggo ba za ta sauko tsanin nan ba.”

Ta sauko. Shugaban aiki ya ba su ranakun Lahadi, da sharaɗin kowa ya sa hular kwano. Aka zura ganguna da lasifika da igiya, aka zura ƙahon kamar ana saukar da mara lafiya, sannan Gwaggo ta biyo baya tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro tsani.

Suka fara da wata tsohuwar waƙa, abin ya zama kwamacala. Kowane bugu na ganga ya dawo ya ci karo da na bayansa, har ba a gane kai ba a gane gindi. Eilif ya jefar da sanduna ya ce, “Wannan ai kamar a zuba tsakuwa a injin wanki ne.”

Gaute ya ɗora hannu a kan wayoyin jita. Can ya ce, “Ɗauki sandunanka. Kar ka rage sauri ko kaɗan, ƙarfi za ka rage. Ka buga kamar ba ka so a ji ka.”

Eilif ya buga. Wannan karon bugun ya narke cikin juna, ya zama ruwan sama mai sauka ba tsayawa.

“Gwaggo, sauti ɗaya. Ki riƙe shi har numfashinki ya ƙare. Kar ki busa na biyu sai jirgin ya mayar miki da na farko.”

Ta busa, ta jira. Da sautin ya zagayo, ta ɗora wani a kansa, sai ga ta tana amsa wa kanta, kamar mata uku ke busawa. Gaute ya daki jita sau ɗaya tak ya sake ta, ƙugin ya bi bango ya yi sama. Ganguna na gudun tsira a ƙasa, ƙaho na tafiyar hawainiya a tsakiya, duka a waƙa ɗaya, kuma ba wanda ya take wani.  Abin da Gaute yake ji a kansa tun suna rumfa, ga shi a waje, kowa na ji.

Da suka tsaya Gwaggo ta goge baki da bayan hannu ta ce, “To. Yau dai na san an ba ni wuri.”

Murya ce ta rage. Gaute ya gwada kururuwar da kansa, Lahadi bayan Lahadi, ba ta yi ba. Tashar jirgin fito kuwa tana dab da ma'aikatar, kuma in suna kiɗa duk jikin jirgin dakon kifin gurnani yake, ana ji har bakin ruwa. Wata Lahadi suka ga takalma na saukowa daga tsani. Sjur ne, da rigar aikinsa mai ruwan lemo.

Ya ce, “Na zo ne in gaya muku wannan ba baƙin ƙarfe ba ne.”

Gaute ya ce, “Mun ji.”

“Kuma mai yi muku kururuwar nan kamar akuya ce ta maƙale a shinge. Fasinjoji na tambayata ko a kira likitan dabbobi.”

“To ga fili.”

Sjur bai ko kalli makirufo ba. Ya taka zuwa tsakiyar jirgin, ya ja numfashi, ya saki kururuwa ɗaya. Ta tafi, ta dawo masa ta baya, ta hagu, ta sama, kamar mutum goma ne suka amsa daga ƙarƙashin teku. Ya tsaya baki buɗe yana sauraren kansa har ta ɓace.

Gwaggo ta ce, “Ka sa hular kwano in za ka zauna. Doka ce.”

Ya sa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Dogayen baitocin da Sjur ya saba zubawa ba numfashi ba su da wuri a nan, don kalma ta biyu kan haɗiye ta farko. Ya yi ta yanka yana zubarwa, yana ƙorafi, har waƙa guda ta koma jimla ɗaya, a ja ta kalma bayan kalma. Shi da bakinsa ya ce bai taɓa tsorata kansa ba sai yanzu, kuma a wajen Sjur babu yabon da ya wuce wannan.

A cikin jirgin suka ɗauki faifai na uku, kafin a gama shi a tura shi ruwa. Waƙoƙi huɗu ne kacal, kowace doguwa. Da farko shiru. Sannan wani gidan rediyo a Oslo ya sa waƙa ɗaya a shirin da aka saba jin goge da fiyano, masu saurare suka yi ta bugo waya, wasu na zagi wasu na tambayar ina ake sayarwa. Samarin Bergen suka fara cewa ai su dama sun san Fonnvind za su yi nisa. Mujallar da ta kira su makaɗan ɗaurin aure ta aiko mutum da kyamara har Urvik. Gayyata ta fara zuwa daga Jamus, daga Holan, har daga Japan.

Gaute ya ce ba inda za su fara bugawa sai gida. Manajan ma'aikata ya ba su babbar rumfar ƙarfe da ake haɗa jirage a ciki, wadda ke amsa sauti kusan kamar cikin jirgin, a wata Asabar da ba aiki, a tsakiyar bazarar da ta zagayo. Gwaggo kuma ta yi abin da ba a tambaye ta ba: ta je atisayen badujala ta ce duk wanda ke da huhu ya zo.

Tun da hantsi jirgin fito ke sauke mutane. Baƙaƙen riguna, dogon gashi, takalman sojoji, harsuna iri-iri, suna tafe a layi ta gaban gidajen katako, tsofaffi na leƙensu ta taga. Sai kuma tsofaffin suka kulle gidajensu suka bi bayansu, da butocin kofi da kujerun naɗewa, don ba za a yi abu a rumfar da suka ƙare ƙuruciyarsu a ciki ba su gani ba. Kafin la'asar wurin ya cika maƙil. Wata tsohuwa na miƙa wa wani ƙato mai zane-zane a fatar wuya waina, shi kuma yana godiya da hannu biyu.

Gaute ya leƙo ta bayan labule, ya yi saurin ja da baya. Eilif ya dafa shi ya ce, “Kwantar da hankalinka. In sun yi jifa yau, waina za su jefo.”

Suka fito. Sjur da fentinsa fari da baƙi, Gwaggo da rigar ulunta, a bayansu kuma badujala gaba ɗaya, cikin shuɗin kayansu masu maɓallan zinariya, masu walda da direbobi da malaman makaranta, kowa da ƙahonsa. Eilif ya fara saukar da ruwan samansa. Gaute ya saki jita. Gwaggo ta busa ita kaɗai, ta jira rumfar ta mayar mata, ta ɗora na biyu. A na uku ta ɗaga gira, sai ƙahoni duka suka shigo lokaci ɗaya.

Tantabaru suka tashi daga rufi. Ƙura ta shekaru ta riƙa saukowa cikin hasken rana kamar gari. Gaute ya ji ƙasa na motsi a tafin ƙafarsa, ya ga mutanen layin gaba sun ja baya taku ɗaya kamar iska ta tura su, sannan suka matso. Da kururuwar Sjur ta ratsa ta saman ƙahonin, wata yarinya mai baƙin jan-baki ta rufe fuska tana kuka, tsohon da ke kusa da ita kuma ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Da sauti na ƙarshe ya tafi, ba wanda ya motsa har rumfar ta gama da shi. Sannan wurin ya fashe. Ana tafi, ana buga ƙafa, ana dukan bangon ƙarfe da tafin hannu, baƙi da 'yan gari, ana kiran sunan Fonnvind, wani ɓangare kuma na kiran “Gwaggo! Gwaggo!” har da waɗanda ba su san ma'anar kalmar ba. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗan rusuna, ta ce wa Gaute a kunne, “Riƙe ni kada in ba da kunya.”

Suna sauka wani dattijo ya tare Gaute. Peder ne, wanda ya yi aikin dukan ƙarfe a ma'aikatar har kunnuwansa suka mutu, yanzu sai an rubuta masa magana. Ya kama hannun Gaute ya ja shi zuwa bango, ya manna tafin nasa a jikin ƙarfen, ya ce da ƙarfi irin na kurame, “Ta nan na ji! Duka na ji, daga farko har ƙarshe! Rabona da kiɗa tun kana cikin zani!” Gaute ya rungume shi.

Ran Litinin kowa ya koma bakin aikinsa, Gaute da burushin fenti, Gwaggo da tukwanenta, sai dai yanzu hotonsu na rataye a bangon ɗakin cin abinci, manaja da kansa ya buga ƙusar. Da kaka ta shigo suka ɗauki hutu su huɗu suka nufi filin jirgin sama na Ålesund. Gwaggo ta rantse ba za a jefa mata ƙaho cikin kaya ba, don haka aka yanka masa tikiti nasa. Shi ya samu kujerar taga, an ɗaura masa bel, Sjur kuma ya zauna a tsakiya yana riƙe da shi har Berlin.